Ƙiftawar Allon Kwamfuta da Mutuwar Katin Hoto: Yadda Ake Gano Mai Laifi



Abin da wannan lacca za ta yi magana a kansa ƙaramin abu ne a ido, watau allon kwamfuta wanda ya kama ƙifce-ƙifce, ko yake ɗaukewa yana dawowa, ko kuwa ya cika da zane-zane da ɗige-ɗigen da ba wanda ya sa su. Amma duk ƙanƙantarsa yana cin kuɗi. A ofisoshi da yawa, da zarar allo ya fara wannan hali sai a kira mai gyara, shi kuwa tun bai kwance ko noti ɗaya ba ya yanke hukunci cewa katin hoto ya mutu. Akawu ya rubuta takardar neman sayen sabo, a ɗauke na'urar a jefa a sito, alhali sau da yawa abin da ya lalace bai wuce wayar da ke haɗa allon da akwatin ba. Ɗalibin da kundin bincikensa ke cikin na'urar kuwa, ga shi saura mako biyu ya miƙa, tasa asarar ta fi ta kuɗi. Irin wannan hukunci shi ne barin jaki a doki taiki. Ƙiftawa alama ce kawai, kamar yadda zazzaɓi yake alama a jikin mutum. Tana nuna akwai ciwo, amma ba ta faɗin sunansa.

Kafin a kama mai laifi, tilas a san hannuwan da hoto ke bi kafin ya iso ido. Hoton da ke kan allo ba a zaune yake ba kamar wanda aka manna a bango. Sake zana shi ake yi ba fasawa. Allon da ya fi yawa a ofisoshi yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla 2,073,600 ke nan, kowane ɗigo kuma haɗin launi uku ne, ja da kore da shuɗi. Ana aiko da su duka sau 60 a cikin daƙiƙa guda, watau fiye da ɗigo miliyan 124 kowace daƙiƙa. Mai ɗauke da wannan nauyi shi ne katin hoto. A wasu na'urori faranti ne mai zaman kansa, da fankarsa, wanda ake sokawa a jikin babban farantin kwamfuta. A wasu kuwa, musamman na ofis, an gina aikinsa ne a cikin babbar ƙwaƙwalwar na'urar. A tsakiyar katin akwai ƙwaya guda mai yin lissafin, kewaye da ita kuma akwai ƙananan ma'adanai inda ake ajiye hoton kafin a tura shi. Katin ba ya jin maganar Windows kai tsaye sai ta bakin wata manhaja da ake kira direba, wadda ita ce tafinta a tsakaninsu. Daga kati hoto ya bi waya, daga waya ya shiga allo, shi kuma allon yana da nasa farantin, da fitilarsa, da ɓangaren da ke ba shi wuta. Sa'an nan ga wutar lantarki ita kanta, wadda ke ciyar da su duka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya sa allo ya ƙifta.

Daga nan ƙa'idar binciken ta fito, kuma ba ta bukatar digiri a fannin injiniya. Ana canza abu ɗaya ne a lokaci ɗaya, a duba sakamako, kana a taɓa na gaba. Ana kuma farawa da abin da ya fi araha da sauƙin canzawa. Wanda ya sauya waya, ya sake direba, ya kuma hure ƙura duk a zama ɗaya, in allon ya daidaita bai san abin da ya warkar da shi ba, ran da ciwon ya dawo kuma zai koma farko. Amma kafin dukkan wannan akwai wajibi guda: muddin allon yana nuna wani abu da za a iya karantawa, a fara kwafe takardun aiki zuwa wani wuri. Katin hoto ba ya riƙe da takardar kowa, gaskiya ne, amma na'urar da ke ɗaukewa ana tsakiyar rubutu tana iya ɓata fayil.

Bai kamata kuma a tilasta wa ma'aikaci ya ci gaba da zama gaban allo mai ƙiftawa ba da sunan haƙuri. Ban da ciwon kai da gajiyar ido, akwai mutanen da walƙiyar haske ke tayar musu da farfaɗiya. A ranar 16 ga Disamba, 1997, wani gidan talabijin a Japan ya nuna wani kashi na wasan yara na Pokémon wanda a cikinsa ja da shuɗi suka yi ta walƙiya kamar sau 12 a daƙiƙa, aka kwashi mutum 685 zuwa asibiti, yawancinsu yara. Ka'idojin tsara shafukan intanet na duniya sun hana abin da ke walƙiya fiye da sau 3 a daƙiƙa saboda wannan haɗari.

Wurin farawa shi ne allon kansa, domin yana iya ba da shaida a kan kansa ba tare da kwamfuta ba. A zare wayar hoto gaba ɗaya, a bar shi da wutarsa kawai. Kusan kowane allo zai nuna ɗan akwatin da ke cewa ba saƙon da ke shigowa, yana kuma da jerin zaɓin da ake buɗewa da maɓallan jikinsa. Idan wannan ɗan akwati ma yana ƙiftawa, to magana ta ƙare: kwamfuta ba ta ma cikin lissafi, laifin na allo ne ko na wutar da ke shiga cikinsa. Gwajin nan bai kai minti ɗaya ba, amma abin mamaki ne yawan masu gyaran da ke tsallake shi.

A nan ya kamata a warware wata tsohuwar shawara da har yanzu ake gadonta. A zamanin manyan allunan nan masu ƙeya, irin akwatin talabijin na da, hasken hoton yakan dushe tsakanin zane da zane, saboda haka in ana zanawa sau 60 a daƙiƙa ido yakan ga rawa, maganin kuwa shi ne a ɗaga zuwa 75 ko 85. Waɗannan alluna har maganaɗisun fanka ko na sitabilaiza da aka ajiye kusa da su yakan sa hotonsu ya yi ta kaɗawa. Allo siriri na yanzu ba haka yake ba. Ɗigonsa yana riƙe launinsa har sabon umarni ya zo, don haka sau 60 ba ya sa shi ƙifta. Nasa raunin yana wajen fitilar da ke bayansa. Gilashin ba ya ba da haske da kansa. Fitila ce ke haskawa ta cikinsa, a tsofaffi siraran dogayen ƙwai masu ɗauke da gas, a sababbi kuma ƙananan ƙwai na LED. Idan allo ya yi baƙi bayan daƙiƙa biyu da kunna shi, amma aka haska shi da tocila daga gefe aka hango inuwar rubutu, to hoto yana isowa lafiya, fitila ce ko abin da ke ba ta wuta ya gaza. Akwai kuma allunan da ke rage haske ta hanyar kunna fitilar da kashe ta ɗaruruwan sau a daƙiƙa. Yawancin mutane ba sa gani, wasu kuwa yana damun idonsu. In an ɗaga hasken zuwa ƙarshe rawar ta ɓace, to ba lalacewa ba ce, ƙirar allon ce haka.

Abin da ya fi kashe ɓangaren wutar allo shi ne kafasita, watau waɗannan ƙananan gwangwanaye da ke tsaye a kan faranti suna tace wuta. A cikinsu akwai wani ruwan sinadari wanda zafi ke busarwa sannu a hankali. Injiniyoyi suna da ƙiyasin da suke aiki da shi: duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba rayuwar kafasita biyu. Wadda aka ƙera don ta yi awa 2,000 a digiri 105 za ta yi kamar awa 32,000 a digiri 65, amma a digiri 75 rabin haka kawai za ta yi. Alamarta sananniya ce: allo yana ƙiftawa ko yana jinkirin tashi da safe, in ya ɗumama ya daidaita, kullum kuma jinkirin yana ƙaruwa. In an buɗe, sai a ga kan gwangwanin ya kumbura ko ya tsage. An taɓa yin annobar wannan abu a duniya, daga wajen 1999 zuwa 2007, sa'ad da kafasitoci masu gurɓataccen sinadari suka shiga miliyoyin na'urori. A 2005 kamfanin Dell kaɗai ya ware kimanin dalar Amurka miliyan 300 domin gyaran kwamfutocinsa na ofis samfurin OptiPlex. Canza kafasita aiki ne mai araha ga wanda ya iya, amma ba na kowa ba ne, gama kafasita takan riƙe wuta bayan an zare na'ura daga soket. Tsohon allo mai ƙeya kuwa yana aiki da dubban bolt a cikinsa. Kada wanda ba gwani ba ya buɗe shi ko kaɗan.

Idan allo ya wanke kansa, sai waya. Wayar nan mai shuɗin kai, VGA, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, tana da allura 15, kuma ja da kore da shuɗi kowanne da tasa allurar. Shi ya sa in allura ɗaya ta lanƙwashe ko ta yi tsatsa sai launi ɗaya ya ɓace, allo ya koma rawaya ko ruwan hoda. In kuwa allurar da ke daidaita zaman hoton ce, sai ya yi ta birgima. Wayoyin da suka zo daga baya, DVI a 1999, HDMI a 2002, DisplayPort a 2006, lambobi suke ɗauka, saboda haka nasu ciwon dabam ne: ba sa dushewa sannu sannu, sai dai a ga fararen ɗige-ɗige kamar tartsatsi, ko allo ya yi baƙi na daƙiƙa ɗaya ko biyu ya dawo. Har wa yau ba duk wayar HDMI ce ɗaya ba, ko da yake bakinsu iri ɗaya ne. Tsarin 1.4 yana ɗaukar gigabit 10.2 a daƙiƙa, na 2.0 yana ɗaukar 18, na 2.1 wanda ya fito a 2017 kuwa 48. Tsohuwar waya da aka ɗora wa babban sabon allo tana iya gazawa ba tare da ta lalace ba, kamar jakin da aka ɗora wa kayan raƙumi. In an rage girman hoton ko yawan zanawa ɗaukewar ta tsaya, to waya ce abin zargi. A aro wata daga teburin da ke aiki lafiya a gwada, a kuma gwada wata kafar a bayan katin. Ga kwamfutar tafi-da-gidanka, wayar allonta a ɓoye take, tana bi ta maƙogwaron murfi, buɗewa da rufewa na shekaru kuma yana cinye ta. Idan ƙiftawar tana canzawa sa'ad da aka motsa murfin, kuma aka haɗa na'urar da wani allo na waje hoto ya fito tsaf, katin ya kuɓuta.

Batun wutar lantarki ba sai an tsawaita ba, domin kowa a ƙasar nan ya san halinta. Abin da ake so a soket shi ne bolt 230, amma abin da ke zuwa yakan sha bamban. Abin lura shi ne lokaci: shin ƙiftawar tana zuwa ne sa'ad da na'urar sanyaya ɗaki ko injin kwafe takardu ya tashi, ko sa'ad da aka koma kan janareta? In haka ne, a gwada na'urar a wani soket, ko a bayan UPS, kafin a zargi komai a cikinta. A cikin akwatin kwamfuta kuma akwai tukunyar da ke rarraba wuta. Kati yana samun wat 75 daga ramin da aka soka shi. In yana bukatar ƙari sai a ba shi ta waya mai baki 6, wadda ke ba da wat 75, ko mai baki 8, wadda ke ba da 150. Tukunyar da ta tsufa ko ta yi wa kati kaɗan takan riƙe na'ura lafiya ana rubutun wasiƙa, amma da zarar an buɗe aikin zanen gini ko taswira sai allo ya ɗauke, ko na'urar ta sake tashi da kanta. Wannan yana kama da mutuwar kati ƙwarai, kuma kati da yawa an jefar da su a kan laifin tukunya.

Sai manhaja. Kamfanin Microsoft da kansa ya ba da wani gwaji mai sauƙi: a buɗe tagar da ake kira Task Manager a zuba mata ido. In komai yana ƙiftawa ban da ita, to wata manhaja ce da aka sa ba ta jitu da na'urar ba. In ita ma tana ƙiftawa tare da sauran, zargi ya koma kan direba. Tambayar da ta fi amfani a nan ita ce, me aka canza kwana ɗaya ko biyu kafin ciwon ya fara? Sau da yawa za a tarar an sabunta direba da daddare ba da sanin mai na'urar ba, komawa kan tsohon kuma ya wadatar. Tun daga Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a 2007, akwai wani tsari: in kati ya yi daƙiƙa 2 bai amsa kira ba, sai Windows ta kashe direba ta sake tayar da shi, allo ya yi baƙi ya dawo, a ga ɗan saƙo a kusurwa cewa direban ya daina amsawa amma ya farfaɗo. Mutane sukan ɗauki wannan saƙo a matsayin hujja a kan direba. Ba hujja ba ce. Abin da saƙon ke nufi kawai shi ne an kira ba a amsa ba. Bai san ko tafinta ne ya yi shiru ko mai gidan ne ya suma ba. Zafi, da ƙarancin wuta, da kati mai mutuwa, duk suna haifar da shi.

Akwai gwaji biyu da ke raba gardama tsakanin manhaja da ƙarfe. Na farko, a lura da allon a daƙiƙun farko na kunnawa, sa'ad da tambarin kamfani ke fitowa, tun Windows ba ta tashi ba. In zane-zanen suna nan tun a lokacin, direba ba shi da hannu, domin bai ma farka ba. Na biyu, a ɗauki hoton allon da maɓallin da aka tanada don haka, a tura shi zuwa wata na'ura lafiyayya a duba. In ɓarnar ta bi hoton, to a cikin kwamfuta aka ƙulla ta, kafin ta kai waya. In hoton ya fito tsaf alhali ido yana ganin ɓarna a allo, to daga bakin kati zuwa gaba ne, watau kafa ko waya ko allo.

Sai bayan duk waɗannan sun wanke kansu ne ake fuskantar katin. Nasa alamun suna da kamanni na musamman: ƙananan murabba'ai masu launi jere kamar allon dara, ko layuka a tsaye masu tazara iri ɗaya, ko haruffan da suka rikiɗe, ko dogayen tsinke da ke fita daga jikin zane. Ɓarna mai maimaita kanta bisa tsari yawanci tana nuna ɗaya daga cikin ma'adanan katin ne ya gaza. Amma ko a nan ba a gaggawar binne shi, domin kati mai jin zafi yana kwaikwayon mai mutuwa. Yawancin katunan zamani sukan fara rage gudu da kansu in sun haura digiri 80 da 'yan kai, kuma akwai manhajoji na kyauta da ke nuna zafin. A garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Yamai, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, kati yana fara aikinsa ne da iskar da ta riga ta yi zafi, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe haƙoran ƙarfen da ke shanye masa zafi, ta zama kamar bargo. A kashe na'ura, a zare ta daga soket, a hure ƙurar, a riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. A kuma taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa katin, musamman da hunturu, domin busasshiyar iska tana tara wa jiki wutar nan da ke ɗan tsunkulin mutum in ya taɓa ƙofar mota, wadda ta isa ta kashe ƙwaya. A duba ko fankar tana juyawa sa'ad da katin ke aiki mai nauyi. Wasu katunan sukan tsayar da ita da gangan in ba sa aikin komai, kada wannan ya ruɗi mutum. A zare katin a sake soka shi da kyau, a tabbata wayar wutarsa ta shige har ƙarshe. Wannan na ƙarshe ba wasa ba ne: a 2022 bakin wayar wasu katunan RTX 4090, masu cin wat 450, ya narke, kamfanin Nvidia kuma ya ce a binciken da ya yi na kimanin guda 50 abin da ya fi yawa shi ne ba a tura wayar ta zauna sosai ba.

Amma akwai mutuwa ta gaskiya, kuma mafi shaharar misalinta ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana koyar da yadda kati ke mutuwa. A ranar 2 ga Yuli, 2008, kamfanin Nvidia na Amurka ya sanar cewa zai ware tsakanin dala miliyan 150 zuwa 200 saboda wasu ƙwayoyinsa da ke cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka suna mutuwa fiye da yadda aka saba. Abin da ya fara shiga littafinsa a wannan shekara dala miliyan 196 ne. Na'urorin Dell da HP da Apple duk abin ya shafa. A watan Oktoba na shekarar Apple ya amsa cewa wasu MacBook Pro masu ɗauke da ƙwayar GeForce 8600M GT suna nuna hargitsattsen hoto ko baƙin allo, ya kuma ɗauki nauyin gyara su kyauta. Ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka an sasanta ta a 2010.

Musabbabin abin yana ƙarƙashin ƙwayar. Ba a ɗaure ta da noti ba. Tana zaune ne a kan ɗaruruwan ƙananan ɗigon liƙi na ƙarfe, waɗanda ido da ƙyar yake gani, su ne kuma hanyar wuta da saƙo. Kowane abu yana buɗewa in ya yi zafi, ya tsuke in ya huce, amma ba daidai wa daida ba: farantin da ƙwayar ke kai yana buɗewa ninki biyar ko fiye da yadda ita take yi. Saboda haka duk kunnawa da kashewa ja-in-ja ne a kan waɗannan ɗigo, kamar mai lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye. Akwai wani danƙo da ake ɗurawa a tsakani domin ya ɗauki nauyin. Kamfanin ya amsa cewa kayan haɗin da aka yi amfani da su a waɗancan ƙwayoyi raunana ne. Da ɗigo ɗaya ya tsage sai ya riƙa haɗuwa yana rabuwa gwargwadon zafi, shi ya sa na'urar takan yi lafiya yau, gobe ta haukace, mai ita ya rasa gane kanta. Dell da HP sun fitar da gyaran da ke sa fanka ta riƙa juyawa da wuri. Wannan jinkirta mutuwa ne, bai ɗinke abin da ya tsage ba. Abin da wannan labari ya nuna shi ne ba tsananin zafi kaɗai ke cin kati ba, har da yawan hawa da saukarsa. Kwamfutar da wuta ke ɗaukewa a kanta sau da dama a yini tana shan wannan ja-in-ja fiye da wadda ke aiki a natse.

Daga wancan zamani ne wata dabara ta yaɗu, ta gasa kati a tanda ko a hura masa iska mai zafi har ya farfaɗo. Yakan farfaɗo kuwa, shi ya sa dabarar ta ƙi mutuwa. Amma liƙin da ba shi da dalma ba ya narkewa sai wajen digiri 217, mai dalma kuma 183, zafin da ke lalata kafasita da robar jikin katin, ga kuma hayaƙin da bai kamata ya shiga tandar abinci ba. Sau da yawa abin da zafin ke yi shi ne ya matse tsagar na ɗan lokaci, bayan makonni ciwon ya dawo. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Amfaninta na gaskiya ɗaya ne, ta ba mutum 'yan kwanakin da zai kwashe aikinsa. Illarta kuwa tana kan mai sayen na hannu, domin katin da aka gasa jiya yana kunnuwa lafiya a shago yau.

Hukuncin ƙarshe yana bukatar shaidu biyu. A sa katin da ake zargi a cikin wata na'ura lafiyayya. A kuma sa lafiyayyen kati a cikin na'urar da ke ciwo, ko a zare katin a mai da waya kan kafar babban faranti in ƙwaƙwalwar tana da nata ɓangaren hoto. In ciwon ya bi katin zuwa sabon gida, tsohon gidan kuma ya warke da fitarsa, to an kama mai laifi. A ofis, wannan ne ya kamata shugaban sashe ya nema a rubuce kafin ya sa hannu a takardar saye: wace waya aka gwada, wane allo, nawa zafin ya kai, kuma a wace na'ura aka sake gwada katin. Mai gyaran da ya yi aikin ba zai ji nauyin rubuta layi huɗu ba. Sau da yawa ma za a tarar kwamfutar da aikinta bai wuce wasiƙa da lissafin albashi ba ba ta bukatar sabon kati sam, ɓangaren hoton da ke cikin ƙwaƙwalwarta ya ishe ta.

Wanda kuwa tilas ya saya, ya fara duba ƙarfin tukunyar wutarsa da tsawon akwatinsa. In na hannu zai saya, ya sani cewa tun watan Satumba na 2022, sa'ad da tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙa, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun kwararo kasuwannin duniya. Ba lalle ne ƙwayarsu ta lalace ba, tun da zafinsu bai cika hawa da sauka ba, amma fankarsu da ma'adanansu sun sha wuya. Kada ya yarda da kunnawar minti biyu. Ya duba bayan farantin ko akwai wurin da ya yi duhu kamar an babbaka, ya sa a ɗora wa katin aiki mai nauyi na rabin awa a gabansa yana kallon zafin, a kashe a bar shi ya huce, a sake kunnawa, sa'an nan ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar katin da adadin kwanakin da aka yarda ya mayar.